Burtalin da Na Sa Hannu Aka Nome

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah ya sauke ka Abuja lafiya, ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin masu tare hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa. Na ce wa Innarka ta sa wannan takarda a ƙasan jakarka, kada ta nuna maka. Na fi so ka karanta ta bayan ka yi nisa, don abin da ke cikinta na yi ta ƙoƙarin faɗa maka baki da baki na kasa.

Kwana uku ke nan zaurena bai rabu da baƙi ba. Tun da aka ji ɗan majalisa ya ɗauke ka cikin masu taimaka masa, daga Gubuci har Likoro ake zuwa yi mini barka. Kana nan ka ji hirar da ake yi, kullum ita ce dai: taki ya gagari talaka, gonakin bakin daji an bar su saura don tsoron masu satar mutane, samari sun gama makaranta suna zaune gindin bishiya, asibiti ba magani, shugabanni ba tsoron Allah. Kowa ya ɗora laifi a kan na sama. Shekaranjiya sai Liman ya juyo ya ce da irin Kansila ke riƙe da ƙasar nan da ba a shiga wannan hali ba, mutumin da ya bar siyasa da ƙafarsa don ya tsira da mutuncinsa. Kowa ya ce haka ne. Na ga kana murmushi, ka ji daɗi an yabi ubanka. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Na tashi kamar zan kama ruwa, na shige cikin gida, ban fito ba sai da aka kira La'asar.

Abba, ba tsoron Allah ne ya fitar da ni daga siyasa ba. Kunya ce ta kore ni. Kuma a cikin abubuwan da ake kuka da su a zauren nan, akwai wanda da hannuna na shuka. Ga yadda aka yi.

Ina koyarwa a firamaren garinmu lokacin, kai kana da shekara biyar ko shida. Ba ni da komai sai keke da gonar gado, sai kuma sunan kakanka Malam Abubakar, wanda ka ci sunansa. Mutanen Unguwar Ɗinya sun yarda da gidanmu ne saboda shi. Ya ƙare rayuwarsa yana karantar da 'ya'yansu, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin wani ba. Wannan yardar Alhaji Ɗanlami mai rake ya hango. Ka san shi yanzu tsoho mai farin gemu a sahun gaba. A lokacin ma mutum ne mai fara'a da kyauta, rakensa ke cika motocin da ke zuwa Kano da Zariya. Ya tako har gida ya ce mazaɓarmu na buƙatar ɗan mutunci ya tsaya kansila. Shi ya saya mini fom, ya buga hotuna, ya ba ni babur, ya ɗinka wa Innarka da ƙawayenta atamfa iri ɗaya. Ban taɓa tambayarsa abin da yake so a wurina ba. Ba wai ban san akwai ba, na guji tambayar ne don kada a ba ni amsa. Innarka ce kaɗai ta ce mini, “Malam, duk wannan hidima don Allah ake yi mana ita?” Na ce mata mata ba su san siyasa ba.

To ka ji na farko. Inda za ka, za a yi maka alheri irin wanda ba ka taɓa gani ba, kuma daga mutanen da jiya ba su san sunanka ba. Ban ce ka zargi kowa ba. Amma duk wanda ya yi maka hidimar da ta wuce gaisuwa, ka tambaye shi a ranar, cikin ladabi, me yake so ka yi masa. In abin da za ka iya ne ba tare da ka cuci wani ba, ka ce to. In ba haka ba, ka mayar masa da kayansa tun ba ka saba da su ba. Ni na saba da babur ɗin nan, har na manta yadda ake taka keke.

Ka san gabas da gari, inda rake ya haɗe tun daga tudu har bakin rafi. Kai ka tashi ka gan shi haka. Da can burtali ne, hanyar shanu mai faɗi, wadda ta taso daga rugar Ardo Buba ta gangara mashaya. Kakanka na cikin dattawan da suka tsaya aka kafa duwatsun iyaka a gefe da gefe, don kada manomi ya ci hanya, kada makiyayi ya ci gona. Shi Ardo Buba abokina ne, ba na gaisuwa kawai ba. Duk kaka in na kwashe dawa, shanunsa ke sauka a gonata su ci kara su bar mini taki, ni kuma in kai masa dami. Shekarar da ka yi ciwon da ya hana ka cin komai, matarsa ce ke aiko maka da madara kowace safiya har ka tashi.

Ina da wata bakwai a kujera Alhaji Ɗanlami ya kira ni gidansa. Na tarar an riga an buga takarda. Takardar ta ce burtalin ya daɗe da mutuwa, makiyaya sun daina binsa, jama'ar gari na roƙon a raba shi ga matasa marasa aikin yi. Ya ce dagaci zai buga hatimi in ya ga hannun kansila, ɗan Malam. Abba, a safiyar ranar, a kan hanyata ta zuwa gidan nasa, sai da na tsayar da babur na jira shanun Ardo suka gama wucewa ta wannan burtalin. Kashinsu ma na nan ɗanye a tayata. Na karɓi biro na sa hannu. Na gaya wa zuciyata ai matasa ne za su amfana, kuma aikin yi ga matasa shi ne babban abin da na yi alkawari. Da aka zo rabo, samari sun sami 'yan kunyoyi a gefe, tsakiyar kuwa mai danshi duk ta faɗa hannun Alhaji. Aka tumɓuke duwatsun, aka bar wa shanu wata siririyar hanya wadda da ƙyar biyu za su jera.

Ardo ya zo gida. Ya ajiye sanda a ƙofar zaure, ya cire malafa, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya har da kai. Sannan ya ce, “Kansila, an ce akwai hannunka a takardar nan. Na ce ƙarya ne, ɗan Malam ba zai yi ba. Na zo in ji daga bakinka ne, in koma in ƙaryata su.”

Na ce, “Ardo, magana ce daga sama. Ni ɗan aike ne kawai.”

Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya yi godiya, ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki sandarsa.

Babu wani sama a maganar nan, Abba. Ni ne da Alhaji da biro. Amma kalmar ta yi mini daɗi a baki, don tana cire mutum daga cikin abin da ya aikata. Za ka ji ta a ofis kullum. Na ƙasa ya ce daga sama ne, na saman ya ce ba a kawo masa rahoto ba, a tsakani talaka ya rasa wanda zai kama. Kada ka saba da ita. Duk takardar da ka san ƙarya ce, kada hannunka ya hau kanta, ko da an ce kowa ya sa saura kai, ko da an lulluɓe ta da sunan matasa ko marayu ko addini. Munanan takardun da na gani a zamana na kansila, babu wadda ba a ɗora mata kyakkyawan dalili a samanta ba.

Abin da kowa ya san zai faru ya faru a shekara ta biyu. Garke ba ya bin siririyar hanya. Wata rana shanu suka ɓalle suka faɗa raken Alhaji, suka yi ɓarna mai yawa. Yaransa suka ce sun ga mai korar shanun, Manu ne, babban ɗan Ardo, kuma da gangan ya kora su ciki. Manu saurayi ne mai kunya, bai daɗe da aure ba. A ranar da ake magana kuwa, ranar kasuwar Maƙarfi ce, kuma ni da kaina na gan shi a can ya kai tumaki. Da yamma na tarar da shi a bakin hanya yana jiran mota, na goyo shi a babur har mararrabar ruga. Shanun ma na wasu baƙin makiyaya ne masu wucewa.

Aka kama Manu. A gaban alƙali ya ce yana da shaida, Kansila ne ya ɗauko shi daga kasuwa. Kafin a kira ni, Alhaji ya aiko mini cewa zaɓe ya ƙarato, manoma sun fusata, duk wanda aka ga ya tsaya wa Bafulatani ya gama siyasa a mazaɓar nan. Da na tsaya aka tambaye ni, ban ce ban gan shi ba. Wayo na yi. Na ce ina ɗaukar mutane da yawa ranar kasuwa, ba zan iya tuna ko wannan makon ne ko wancan ba. Na fito ina jin ban yi ƙarya ba. Manu kallona kawai ya yi, irin kallon wanda bai gane yaren da aka yi magana da shi ba. Aka ɗaure shi wata tara, aka sa uban ya sayar da shanu ya biya ɓarnar da ba su yi ba. Matarsa ta haihu yana gidan yari.

Kakanka ya koya mini tun ina riƙe da allo cewa ɓoye shaida zunubi ne na zuciya. Na san wannan sarai ranar da na tsaya. Ilimi bai hana ni ba, don haka kada ka dogara da digirinka ko da saukar da ka yi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, akwai ƙaryar da ake yi da gaskiya, a zaɓi kalmomi yadda ba za a kama mutum ba. 'Yan siyasa sun ƙware a kanta, kuma kai da ka iya Turanci za a so ka riƙa tsara musu ita. In ka san abin da zai fitar da wanda aka zalunta, ka faɗe shi yadda yake, a lokacin da zai yi amfani. Gaskiyar da nake rubuta maka yau, da na faɗe ta a wancan zauren shari'a da numfashi ɗaya ta isa. Yau ko na cika littafi da ita ba za ta mayar wa Manu kwana ɗaya ba.

Daga nan zaman gari ya lalace. Matan ruga suka daina kawo nono cikin gari. Yara suka fara jifan shanu. Ni kuma ina neman zagaye na biyu, na tara samari wajen ashirin suna bina duk inda za ni, suna ɗaga gora suna kiran sunana. Yawancinsu ɗalibaina ne, ni na koya musu baƙi da wasali. Babbansu Tanko, wanda ya fi kowa iya lissafi a ajinsa. Kullum in za mu fita sai in miƙa masa abin shan ruwa, na kuwa san ba ruwa suke sha ba, ƙwaya ce. In na ga idanunsu sun yi ja sai in kau da kai, don a haka suka fi tsorata abokan hamayya.

Ana cikin haka wani babban jami'i ya zo daga Kaduna, an aiko shi ya zagaya ya ji inda ake da rikicin manoma da makiyaya tun kafin damina. Mutumin kirki ne, ya zauna da mu kansiloli da littafinsa a hannu, yana tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu shiga an ja mana kunne kada wanda ya ɓata wa jam'iyya suna a gaban baƙo. Da aka zo kaina ya ce ya ji ƙishin-ƙishin akwai maganar burtali a wajenmu. Na ce, “Ranka ya daɗe, an daɗe da sasantawa. Mu da Fulaninmu uwa ɗaya uba ɗaya muke.” Ya rubuta, ya yi mini godiya, ya wuce na gaba.

Wannan ya shafe ka kai tsaye, don aikin da aka ba ka ke nan. Kai za ka tsaya tsakanin maigidanka da jama'a. Wayar da za a buga, kai za ka ɗauka. Takardar koke, hannunka za ta fara shiga. Mutane na cewa shugabanni ba sa ji, kuma gaskiya ne akwai waɗanda ba sa son ji. Amma na zauna a ciki na gani, da yawa ba a bari su ji ne. Kowane shugaba na kewaye da irina, masu cewa lafiya lau don kada ran maigida ya ɓaci, don kada a ce a yankinsu ne matsala take. In ya tambaye ka yaya gida, ka gaya masa yadda gida yake. In ka ga mutumin ƙauye a ƙofar ofis da tsohuwar riga da takarda a hannu, ka tuna daga nesa ya taso, kuma wataƙila abin da ke cikin takardar nan shi ne tsakanin wani gari da wuta.

Sati uku bayan zuwan jami'in, ranar wata Talata bayan Azahar, aka ce saniya ta shiga gonar wani. Har yau ban san ko gaskiya ne ba. Ina ƙofar gida na ga su Tanko sun wuce da gora da adduna da galan ɗin fetur, sun nufi ruga. Sun gaishe ni ma. Da na daka musu tsawa da sun tsaya, don ba su taɓa ƙetare maganata ba. Amma saura kwana goma zaɓe, kuma rabin gari na bayansu. Na shiga na ce wa Innarka ina da ta'aziyya a Kudan, na hau babur. Ina kan hanya na waiwaya na hangi hayaƙi. Ban juya ba. Na je Kudan na zauna a masallaci har La'asar, ba wanda ya mutu mini a can.

Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma an ƙone bukkoki da rumbuna ƙurmus, an sassare wa shanu ƙafa, an fasa wa Ardo kai. Kwana biyu mutanen rugar suka tattara abin da ya rage suka yi gabas. Manu lokacin watansa ɗaya da fitowa. Na ci zaɓe, aka yi ta kiɗa a ƙofar gidan nan. Na gama wa'adina kamar mara lafiya, aka ce in nemi ta gaba na ce na gaji. Shi ne mutane suka ɗauka tsoron Allah ne, ni kuma na bar su a haka shekara ashirin.

Samarin nan kuwa, da zaɓe ya wuce ba wanda ya sake nemansu, har ni. Biyu sun shiga sata, ɗaya an kashe shi a wani gari. Tanko shi ne wanda kake gani a tasha yana tsince-tsince yana magana shi kaɗai, wanda ka taɓa tambayata don me nake ba shi abinci duk ranar da na gan shi. Yanzu ka sani. Duk inda ka ga ana tara samari ana ba su abin da zai gusar musu da hankali don a ci kujera, ka tashi daga wurin, ko da maigidanka ne zai ci. 'Ya'yan mutane ne, kuma masu kujera ba sa kawo nasu.

Nakan ji a rediyo ana tambayar ta ina wannan bala'i na rashin tsaro ya faɗo mana. Mu nan Allah ya rufa mana asiri fiye da wasu yankunan, amma kai ma ka san shekara uku ke nan ban noma gonar bakin dutse ba. Ban ce duk abin da ke faruwa daga burtali ya taso ba, ban san na wasu garuruwan ba. Kuma kada ka ji kamar ina wanke masu ɗaukar bindiga. Wanda ya kashe rai ko ya sace mutum, zunubinsa na wuyansa, ba wani zalunci da aka yi masa da zai halatta masa. Dubban mutane an zalunce su ba su ɗauki ko sanda ba. Amma na san abin da ya faru a garina. Akwai hanya, aka toshe ta. Akwai shari'a, aka murɗe ta. Akwai wanda ya zo tambaya, aka yi masa ƙarya. A kowane mataki akwai ƙaramin mai muƙami da zai iya cewa a'a, kuma ni ne. In a kowace mazaɓa ta ƙasar nan an sami irina guda ɗaya, to ba sai an je nesa neman dalili ba.

Bara da rani na je Malikanci sayen iri, na ga wani tsoho a gefen kasuwa yana tufkar igiya yana sayarwa. Tabon da ke goshinsa na fara ganewa. Ardo Buba ne. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya gane ni tun kafin in faɗi suna, ya matsa mini a kan buhun da yake zaune. Ya ce bayan sun bar wajenmu sun yi ta yawo, daga baya ɓarayin daji suka kore sauran shanun a rana ɗaya, matarsa ta rasu, yanzu yana zaune wurin 'yarsa. Na tambayi Manu. Ya ce tun bayan ƙonewar ruga yaron bai sake zama daidai ba, wata rana ya fita bai dawo ba. Wasu sun ce ya mutu, wasu sun ce sun gan shi cikin mutanen daji, shi dai bai sani ba, kuma ya rasa wanne zai roƙa a cikin biyun.

A nan cikin kasuwa, mutane na wucewa, na gaya masa komai: takardar, da shaidar, da tafiyata Kudan. Na ce ya yafe mini. Bai daina tufka ba har na gama. Sannan ya ce, “Duk na sani, Kansila. Wanda ya shafe ni na yafe tun tuni, saboda Malam. Amma na Manu ba nawa ba ne. Sai ka neme shi, ni ban san inda yake ba.”

Na miƙa masa abin da ke aljihuna. Ya ce in igiya nake so ya sayar mini, in ba haka ba in bar shi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Aikin nan da ka samu, takardunka sun kai, ban rage maka komai ba. Amma akwai masu takardu irin naka da yawa a Ikara da Maƙarfi da Kudan suna zaune. Alhaji Ɗanlami ne ya kai sunanka. Bai gaya maka ba, ni ya gaya wa. Ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce shi ba ya manta wanda ya rufa masa asiri. Ka ga ke nan shirun da na yi ne aka biya ni da kai. Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Na yanke shawara, kuma Innarka ta goyi bayana. Na riga na rubuta wa hakimi cewa takardar da na sa wa hannu ƙarya ce, burtalin na da rai ranar da aka nome shi, kuma na san inda kowane dutse yake, zan iya nunawa. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sallame zan nemi izinin Liman in tashi in faɗi haka a gaban jama'a, in kuma ba da shaidar da na ɓoye, cewa Manu ɗan Ardo Buba yana bayana a kan babur ranar da aka ce ya yi ɓarna. Ban san ko za a buɗe hanyar ba, mai yiwuwa ba za a buɗe ba. Amma Manu yana da ɗa, wanda aka haifa yana ɗaure, yanzu ya zama saurayi, ya kamata ya ji ubansa ba mai laifi ba ne.

Na san abin da zai iya biyowa baya. Za a ce tsufa ya taɓa ni, wasu za su daina zuwa zauren nan. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni kai ne. Alhaji na iya ɗaga waya sau ɗaya a ce maka ka tattara kayanka. Na cuci 'ya'yan mutane don in riƙe kujerata, yanzu kuma ga shi zan taɓa taka don in sauke nauyina, ban kuma shawarce ka ba. Na ji tsoron in na tambaye ka ka ce in bari, in sami dalilin bari. Ka yafe mini wannan, ka yafe mini shekarun da na bar ka kana alfahari da abin da ba haka yake ba.

In an bar ka a aikin, ka riƙe shi da gaskiya, ka san daga ranar ba wanda ya riƙe ka da komai. In an sallame ka, kada ka tsaya roƙo a ƙofar kowa, kada kuma ka ji kunyar dawowa. Ka hau mota ka taho. Damina ta kusa, ni kuma ƙarfina ya ragu, gonar bayan gida ta fi ƙarfina ni kaɗai.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka imaninka da hannunka da harshenka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da ya fi alheri. Ya shiryi masu riƙe da ƙasar nan manya da ƙanana, ya zaunar da ita lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa kiran Innarka ko ba ka da labari. In ka idar da sallar Juma'a a can, ka ɗan zauna kafin ka tashi, ka roƙa mini Allah kada ƙafata ta ƙi ɗaukata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Idrisu Abubakar, Unguwar Ɗinya.